Man ƙamshi da difuza a gidan da akwai jinjira da yaro mai asma

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu da hidimar yara. Tambayarki a taƙaice dai kince kin sayi difuza, na'urar nan da ake zuba mata ruwa a ɗiga mai ta dinga fitar da tururin ƙamshi, haɗe da ƙananan kwalabe biyar na tataccen man tsirrai wanda masu sayarwa ke kira esenshiyal oyil, akwai lafanda (man wani fure mai ƙamshi), na'a-na'a, zaiti, ti-tiri da na lemon tsami. Wadda ta sayar miki tace tunda daga tsiro aka samo su basu da wata illa, kina iya barin na'urar a kunne har safiya, ki shafa wa jinjirarki 'yar wata biyar a ƙirji in mura ta kamata, ke kuma ki riƙa ɗiga na lemon a ruwan sha don rage teɓa. Sannan babban ɗanki ɗan shekara shida yana da asma.

Wallahi naji daɗi da kika tambaya kafin ki fara. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, na daɗe a ciki, kuma ina son ƙamshi kamar kowace mace, yanzu haka akwai lafanda a ɗakina, don haka ba cewa zanyi ki kwashe ki zubar ba. Amma abubuwa ukun nan da ta faɗa miki dan Allah ko ɗaya kar kiyi, musamman na jinjirar.

Maganar cewa abu in dai daga tsiro ya fito to ba ya cutarwa, ai mu da muka taso a ƙasar Hausa bai kamata a yaudare mu da ita ba. Zaƙami tsiro ne, kin san abinda yake yi wa mutum. Nonon tumfafiya in ya shiga ido kin san labarin. Tinya ma tsiro ce. Toh shi wannan man da ke cikin 'yar kwalbar nan ba irin man gyaɗa ko man riɗi bane da ake matsewa a ci, turara ganye ko fure ake yi da tururin ruwa a tattaro sinadarin ƙamshin zalla, na lemon kuma daga ɓawo ake matso shi. Kafin a samu kilo 1 na man furen wardi sai an tara furen da ya haura kilo 3000. Kinga kenan abinda ke cikin ɗigo ɗaya ba ƙaramin abu bane. Shayin na'a-na'a da kike sha da man na'a-na'a na kwalba sunansu ne kawai ɗaya, kamar yadda barkonon da aka barbaɗa a miya yake daban da a ce ki kamfaci garinsa ki zuba a baki. Ni a wajena kwalaben nan magani ne mai ƙarfi da ya zo da ƙamshi, kuma inda nake ajiye magani nan nake ajiye su.

Bari in fara da jinjirar don ita tafi damuna. Man na'a-na'a akwai sinadarin mentol a ciki da yawa, shi zaiti kuma, wato man bishiyar turaren nan doguwa mai siraran ganye da ake shukawa a bakin titi, yawancinsa sinadarin siniyol ne. Ki lura zaiti daban zaitun daban, na sha ganin mata suna rikita su, man zaitun ana ci ana shafawa lafiya lau, zaiti kuwa ba haka ba. Mentol da siniyol in suka kusanci hanci ko fuskar jariri suna iya sa maƙogwaronsa ya shaƙe ko numfashinsa ya yi ƙasa, har ya ɗauke na ɗan lokaci. Hanyar iskar jariri 'yar siririya ce, ɗan kumburi ko majina kaɗan ya isa ya toshe ta, fatarsa kuma sirara ce tana zuƙe abu da sauri fiye da tamu, hantarsa bata gama ƙwari ba balle ta iya sarrafa abinda ya shiga. Ki duba jikin kwalbar Vicks ma, wanda an riga an sirka shi sosai, zaki ga an rubuta kar a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba. To ina ga tsantsar man da ba'a sirka da komai ba. Kuma abinda mutane basu sani ba shine mentol ba buɗe hanci yake ba, sanyi kawai yake sa ki ji a cikin hancin sai ki ɗauka iska ta ƙaru, alhali toshewar tana nan yadda take. Wato babba ma jin daɗi kawai yake samu, jinjira kuwa haɗarin zata kwasa ba tare da ribar komai ba.

In mura ta kamata abinda zakiyi mai sauƙi ne. Ki sayi ruwan gishirin ɗiga wa hanci na yara a kemis, nomal salin ake ce masa, ki ɗiga mata ɗigo ɗaya ko biyu a kowane hanci kafin shan nono, ki goge majinar, ki yawaita bata nono. Sannan ki ɗaga rigarta ki kalli ƙirjin lokacin da take kwance shiru ba kuka take ba, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur da agogon waya. Yaron da ke tsakanin wata 2 zuwa shekara 1 in numfashinsa ya kai 50 a minti ko ya wuce, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk sanda ta ja iska, ko ta ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi, wannan ya wuce mura, asibiti zaki kaita a ranar ba sai gobe ba. Nimoniya, wato ciwon huhu, haka take farawa kamar mura, kuma babban abinda nake tsoro da waɗannan mayukan ma kenan, uwa ta zauna kwana uku tana shafe-shafe da turare tana jiran sauƙi alhali yaro maganin asibiti yake buƙata.

Tunda zancen jarirai ake bari in ƙara wannan saboda masu sabon jego da zasu karanta. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake haihuwar yaro da shi, G6PD ake kiransa, yana da yawa sosai a Najeriya da ƙasashen da ke kewaye musamman a 'ya'ya maza, kuma yawanci iyaye basu ma san ɗansu na da shi ba. Irin wannan jaririn in ya haɗu da kafur ɗin nan fari mai dunƙule da ake sawa a akwatin kaya, ko hoda da man zafi masu mentol da wasu ke sawa a cibiya, jininsa na iya fashewa ya kamu da shawara mai tsanani, ido da jiki su yi ɗorawa, in ba'a yi gaggawa ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna kuka da wannan. Don haka kayan jariri kar a ajiye su da kafur, cibiya kuma kar a sa mata komai sai abinda aka baki a asibiti.

Sai babban ɗanki. Mai asma hanyoyin iskarsa a shirye suke su tsuke da zarar sun ji abinda bai musu ba, kuma su basu san tsada ko arha ba, basu san na tsiro ko na kamfani ba, ƙamshi mai ƙarfi ƙamshi mai ƙarfi ne. Difuza ƙananan ɓurɓushin mai take watsawa a iska, yaro ya shaƙa su wuce har huhu. Wasu masu asmar basu damu da lafanda kaɗan ba, wasu kuwa minti biyar ya isa ki fara jin ƙirjinsu na kuka. Ga kuma hunturu da ƙurarsa da dama can shine lokacin da ciwon yafi tashi, kuma a lokacin ne muke rufe tagogi ruf. Shawarata ɗakin da yake kwana kar ki kunna kwata-kwata. Kuma in wani yace miki zaiti yana maganin asma har ki rage masa inhela, dan Allah ki toshe kunnenki, babu wani man ƙamshi da yake buɗe ƙirjin da ya tsuke, inhelar nan shuɗiya ita ce take wannan aikin cikin mintuna, ta zauna a inda hannunki zai kai ko cikin duhu. Gaskiya ma ko turaren wutanmu, duk da irin son da nake masa, hayaƙinsa yafi difuza takura wa mai asma, ki riƙa turara ɗaki in yana makaranta sannan ki buɗe taga kafin ya dawo.

Maganar sha kuma. Na farko dai man lemon ba daga ruwan lemon yake ba, daga ɓawo yake, babu bitamin C a cikinsa ko kaɗan, kuma ba ya narka kitse, wannan talla ce kawai. Na biyu mai ba ya haɗuwa da ruwa, in kin ɗiga a kofi sama zai taso ya tsaya, kurɓar farko ki kwashe shi tsantsarsa ya bi leɓe da maƙogwaro da ciki yana ƙuna. Kina yi kullum kina jawo wa kanki ƙwannafi da gyambon baki, garin neman gira a rasa ido. In lemon kike so a ruwa ki yanka lemon tsami na naira ɗari ki matse. Eh akwai kafso na man na'a-na'a da likita kan rubuta wa masu wani irin ciwon hanji, amma shi an auna shi ne an kuma lulluɓe shi da wani rufi da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi, ba ɗaya bane da ɗigawa daga kwalba.

Abinda yafi wannan tayar min da hankali shine yaro ya samu kwalbar ya sha. Kwalaben ƙanana ne masu kyau, suna ƙamshin alawa, jinjirar taki kuma nan da 'yan watanni zata fara rarrafe komai ta samu baki zata kai. Zaiti ƙasa da cokalin shayi ɗaya na iya sa yaro ya fara layi, ya yi jijjiga, ya suma. Na taɓa ganin wani yaro ɗan shekara biyu da aka shigo da shi a sanƙame, bakinsa sai warin zaiti, kakarsa ce ta bar kwalbar a ƙarƙashin filo bayan ta gama shafa wa ƙafarta, Allah ya yi da sauran kwanansa amma har yau ina tuna fuskar uwar. Ti-tiri ma haka, in aka sha yana sa maye da rashin iya tsayuwa, kuma kar sunan ya ruɗe ki, ba shi da wata alaƙa da ganyen shayi, wata bishiya ce ta ƙasar Ostireliya. Man kanumfari da muke ɗauka na gida ne tunda muna sa kanumfari a kunu da zoɓo, tsantsarsa in yaro ya sha yana lalata hanta. Kafur irin wanda ake sawa a man zafi in aka sha yana sa jijjiga cikin mintuna, shi yasa a Amurka aka hana sayar da abin shafawar da kafur ɗinsa ya wuce kashi 11 cikin 100. Akwai kuma wani da ake kira wintagirin, baki saya ba amma nasan za'a tallata miki shi don ciwon gwiwa, ƙamshinsa irin na man zafi ne sak, kusan dukkansa sinadarin metil salisilet ne ɗan uwan asfirin, cokalin shayi ɗaya nasa daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya sama da 20. Wannan yana kashe yaro, ni bana ma son a shigo da shi gidan da ke da ƙananan yara. Tsofaffin da ke shan maganin tsinka jini irin wafarin suma su nisance shi ko a fata ne, yana iya jawo musu zubar jini.

In Allah ya kiyaye yaro ya sha, kar a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kar a ɗura masa manja, kar a ɗura madara ko ruwan gishiri. Nasan manja shine abinda hannu ke fara kaiwa a gidajenmu, amma shi irin wannan man kamar kananzir yake, babban haɗarinsa shine garin amai ko ɗure ya ƙware shi ya faɗa huhu, a nan ne ake samun matsalar da tafi ta cikin. Ki goge masa baki, ki ɗau kwalbar a hannu ki tafi da shi asibiti ko da kinga yana wasansa, don wani lokacin sai bayan rabin awa ko fiye abin yake bayyana. In a ido ya shiga kuma ruwa mai tsafta zaki ta kwarara masa na kamar minti 15 ba tsayawa, sannan a je a duba.

Toh yanzu yaya zaki mori abinki. A falo ko ɗakinki, lokacin da jinjirar ke wani ɗaki, ki zuba ruwa daidai layin da aka zana a cikin na'urar, ki ɗiga ɗigo 3, in ɗakin babba ne ki kai 5, kar ki wuce. Ki barta minti 30, iyaka awa ɗaya, ki kashe, taga ko ƙofa a ɗan buɗe. Dalilin da yasa ba'a barinta har safe shine hanci yana sabawa da ƙamshi cikin ɗan lokaci sai ki daina ji, ki ɗauka ya ƙare ki ƙara ɗigawa, alhali iskar ɗakin cike take da shi, sai ki tashi da ciwon kai da tashin zuciya da kaikayin maƙoshi ki rasa dalili. In kin fara jin ɗaya daga cikin waɗannan ki kashe ki fita shan iska. Ruwan da ya rage kuma kar ya kwana biyu a ciki, ki zubar ki goge ta ta bushe, don ruwan da ya zauna a zafin garinmu ƙwayoyin cuta ne ke hayayyafa a ciki kuma na'urar fesa miki su zatayi a huhu. Ba wai tsoratarwa bane, a shekarar 2021 a Amurka wani feshin ƙamshin ɗaki na lafanda da aka yi a Indiya an same shi da wata muguwar ƙwayar cuta, mutum huɗu suka kamu biyu suka rasu, ɗaya ma yaro ne, sai da aka janye shi daga kasuwa gaba ɗaya.

Ni ma in gaya miki gaskiya sau da yawa ba na kunna na'urar, ɗigo ɗaya nake sawa a auduga ko hankici in ajiye a gefen gado inda hannun yaro ba zai kai ba, ni kaɗai nake jin ƙamshin ban tilasta wa kowa shaƙa ba. A gida irin naki wannan yafi dacewa.

Shafawa a jiki kuma dole sai an sirka, ba'a sa tsantsa a fata ko da lafanda ne da ake cewa mai sanyi. Man sirkin duk muna da su a gida, man kwakwa, man zaitun, man riɗi, ko man kaɗanya in kin narka shi. Lissafin ba wuya, cokalin shayi ɗaya mil 5 ne, kusan ɗigo 100 kenan, don haka ɗigo 1 a cokali ɗaya ya baki kashi 1 cikin 100, ɗigo 2 ya baki kashi 2. Jikin babba mai lafiya kashi 2 ya isa, fuska da tsofaffi da masu saurin ƙuraje kashi 1 ko ƙasa. Kafin ki shafe jiki ki ɗan sa a cikin hannu wajen gwiwar hannu ki bari ya kwana, in ya yi ja ko kaikayi to ba naki bane. Abinda yasa nake nanata wannan shine fata tana iya jure tsantsar mai wata da watanni sannan rana ɗaya ta yi bore, kuma in ta yi boren shikenan kin samu alaji da shi, ko a sabulu ko man shafawa kika haɗu da shi sai ya taso miki. Kirfa da kanumfari sun fi kowa ƙona fata. In kin ji yana ƙuna ki goge da man kwakwa ko na girki tukuna sannan ki wanke da sabulu. Haka ruwan wanka, in kin ɗiga a bokiti sama zai tsaya ya manne miki a inda yafi taushi a jiki, sai dai ki fara cakuɗa shi da sabulun ruwa.

Masu tallan nan suna son kawo labarin wani Bafaranshe masanin sinadarai René-Maurice Gattefossé, wanda ya ƙone a hannu a ɗakin gwajinsa a 1910 ya yi jinya da man lafanda, shine ma ya raɗa wa yin magani da man ƙamshi suna aromaterafi ya fitar da littafi a kai a 1937. Labarin nasa an san shi, amma kar ya sa ki ɗiga lafanda a ƙuna. Ƙuna ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba mai ba.

Na lemon ɗin naki akwai wani abu na daban da ya shafe mu sosai saboda irin ranarmu. Man lemon tsami da aka matso daga ɓawo, da wani ɗan uwansa bagamot da ake yawan sawa a turare, suna da sinadarin da in yana kan fata rana ta doke shi sai wajen ya ƙone kamar an zuba ruwan zafi, ya yi bororo, in ya warke ya bar baƙin tabo da kan ɗau watanni, mu kuma fatarmu dama tana riƙe tabo. Abin takaici shine an fi tallata shi da sunan gyaran fuska da hasken fata, mace ta shafa da safe ta fita cikin ranar Kano ko Sakkwato. In har zaki shafa to da daddare, a sirke, kuma wajen kar ya ga rana sai bayan awa 12 aƙalla. A difuza kuwa ba shi da wannan matsalar.

Wata magana kuma tsakaninmu mata, tunda naga ana ta haɗa ti-tiri da man kanumfari a kayan matsi da sunan maganin sanyi. Dan girman Allah kar ki kai su gabanki, ko a sirke. Wajen ba fata bace irin ta hannu, ƙonewa yake, ya kashe ƙwayoyin da ke kare wajen, sanyin da kike gudu ya dawo ya fi da. In akwai kaikayi ko fitar ruwa a je a yi gwaji a san wane iri ne, don ba magani ɗaya suke ji ba. Mai ciki ita ma ta bar shafa su musamman a wata ukun farko, ke da kike shayarwa kuma kar ki sa a ƙirji ko nono inda fuskar jinjira take kwanciya, ki wanke hannu kafin ki ɗauke ta. In akwai mai farfaɗiya a gidan a nisanta shi da zaiti da kafur da man wani ganyen ƙamshi da ake kira rozmeri, suna iya tayar masa da ita.

Nasan kuma zuciyarki zata raya miki ki ɗiga a kaskon turaren wuta in babu nepa. Kar kiyi, mayukan nan suna kama wuta fal ɗaya, kuma in suka ƙone hayaƙi mai shaƙewa suke bayarwa ba ƙamshi ba. Turaren wuta an haɗa shi ne don garwashi, itacen hawi da sandal da gajiji an jiƙa su an dafa da suga ta yadda zasu ci a hankali, 'yan Maiduguri da suka gaji abin sun san me suke yi, kowanne da muhallinsa. Sirace da ruwan zafi ma babba yana iya yi da ɗigo 1 ko 2 na zaiti ido a rufe, amma yara a'a, yaran da tafasasshen ruwan sirace ya kife musu a cinya sun fi waɗanda siracen ya warkar yawa a abinda na gani, ga ɗanki kuma mai asma tururin ma kaɗai na iya tayar masa.

Ki ɗauko kwalaben ki duba su ma. Na gaske yana zuwa a kwalbar gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, da ɗan murfin ciki mai fitar da ɗigo ɗaya ɗaya, an rubuta sunan tsiron na kimiyya da ƙasar da aka yi da ranar lalacewa, in da lambar NAFDAC ya fi. In kinga duk kala biyar ɗin kuɗinsu ɗaya kuma da arha, ko suna cikin roba, to akwai yiwuwar turaren kamfani ne aka zuba, wannan sai dai ƙamshin ɗaki, kar ya taɓa fata. Rubutun da suke yi wai mai darajar magani ne, babu wata hukuma da ke bada wannan shaidar, kamfanonin ne suka ƙirƙiro wa kansu. Zafi da haske da iska suna lalata su, kuma wanda ya lalace yafi sabo cin fata, musamman na lemon da ti-tiri da basa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an buɗe, a zafin bazara ma basu kaiwa haka. Ki rufe gam bayan kin ɗiga, ki sa a durowa mai makulli can sama, ba kan madubi ba, ba cikin jaka ba. In kina da kyanwa a gida kar ki rufe ta a ɗakin da na'urar ke aiki, hantar kyanwa bata iya sarrafa waɗannan sinadaran, ti-tiri ma yana iya kashe ta in aka shafa mata, tsuntsaye irin su aku suma huhunsu baya ɗauka.

Amfaninsu kuma akwai, ban hana ba, sai dai daidai gwargwado. Lafanda yana taimaka wa wasu su samu natsuwa barci ya zo da sauƙi, na'a-na'a a sirke in aka shafa a goshi nesa da ido yana rage ciwon kan gajiya, shaƙarsa kuma na ɗan kwantar da tashin zuciya, ti-tiri a sirke yana ɗan taimakawa ƙurajen fuska. Iyakarsu kenan. Basu maganin zazzaɓin cizon sauro, basu maganin hawan jini ko suga, basu tsare gida daga cuta don an busa su a iska, kuma ƙamshin da ake cewa yana korar sauro na ɗan lokaci ne, jinjirarki gidan sauro zata kwana.

Don haka a cikin biyar ɗin nan naki, lafanda da na lemon ki yi amfani da su a falo yadda na faɗa, lokacin da yaran basa wajen, ki sa ido kan babban a ranakun farko ko zaki ji tari da daddare, in kin ji to ki tsayar. Zaiti da na'a-na'a ki kulle su sai dai ke ko maigidan in kun keɓe, su daina kusantar jinjirar har ta girma sosai, ti-tiri kuma dama ba wani ƙamshin daɗi gare shi ba, a sirke kawai don fuskarki in kina buƙata. Kuma in kin koma wajen likitan da ke duba asmar ɗanki ki gaya masa kin sayi na'urar, ki ɗau hoton kwalaben a waya ki nuna masa. Allah ya raya miki su ya ba yaron lafiya.